Zauren Mala da Jamus ɗin Na'Allah

Na'Allah direban tifa ne a unguwarmu nan Lafiya, kuma ba wanda ya kai shi sanin ƙasar Jamus, alhali iyakar tafiyarsa Makurɗi. A 1978 ya samu aiki da wani kamfanin Turawa masu yin titi, yana kwaso musu tsakuwa. Injiniyansu wani dogon Bajamushe ne, Sebastian, wanda ya koyi Hausa a bakin leburori.

Duk Lahadi Sebastian na zuwa gidan su Na'Allah, ba don kowa ba sai don zaure. Kakan Na'Allah, Mala, shi ya gina shi da hannunsa. Laka ce zalla, kaurin bangon ya kai kamu biyu, rufin azara, ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji kamar an kwara maka ruwan randa. Bature ya zauna ya yi ta shafa bango yana ɗaukar hoto. Na'Allah kuwa gumi yake yi, don a zatonsa talaucinsu ake zuwa kallo.

Da aiki ya ƙare, Sebastian ya bar masa kalanda mai hotunan ƙauyensu. Daga ranar muka shiga uku, kullum sai Na'Allah ya buɗe mana ita.

"Kun ga kogin nan? Tsakiyar gari ya ratsa, tsauni dama, tsauni hagu. Wannan gadar dutse ce, ta girmi kakan kakanku. Ga cocinsu, shekara ɗari shida. Duk garin mutum ɗari huɗu ne, ko rabin kasuwar Agyaragu ba su cika ba."

Sai ya lashi yatsa ya buɗe shafin gidan su Sebastian, fari fat, da baƙaƙen layuka a gicciye.

"Ku ga aikin siminti! Mu kuwa muna nan cikin laka kamar gara."

A 1983 ya sa aka rushe zauren. Goggo Falmata, ƙanwar babansa, ta zauna a kan turmi tana kallo, ta ce, "Ɗan nan, ubana fa kake dukan nan da diga." Ya ce ci gaba ne, Goggo. Ya ɗora bulo, ya rufa kwano, ya shafa farin fenti, ya zana baƙaƙen layukan nan da burushi. Muka raɗa wa wurin suna Jamus. Da azahar ko kaza ba ta yarda ta shiga, zafi kamar tanda.

Shekara takwas bayan haka wasiƙa ta zo. Malamin firamare ya karanta masa: Sebastian ya yi ritaya, zai kawo matarsa ta ga zauren Mala, don hotonsa na rataye a falonsu, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa.

Na'Allah ya ce a sake karantawa. Aka sake, ba abin da ya canza.

Kwana uku tuwo bai wuce masa ba. A na huɗu ya tafi wurin Ɗanmusa mai facin keke, wanda zaurensu na laka ke tsaye har lokacin a bayan layinmu.

"Aboki, aron zaure na zo. Wuni ɗaya."

"Zaure? A kai za ka ɗauka ko a tifa?"

"Don girman Allah ka bar wasa. Ka fitar da tayoyin nan, in zauna kamar gidana."

Ɗanmusa ya yarda, amma kafin la'asar har masu tallan doya sun ji.

Ranar da baƙi suka iso, Na'Allah ya tare su tun daga bakin titi ya zagaya da su ta baya. Ya shimfiɗa tabarma, ya kawo kunun gyaɗa, yana ta zuba kamar rediyo. Sebastian ya tsufa, amma idonsa bai tsufa ba. Ya ciro hoto daga aljihu, ya dubi hoto, ya dubi rufi.

"Malam Na'Allah, azara na Mala goma sha biyu. Wannan tara."

"Oga, ai gara ce, ta ci uku."

"Gara ya ƙara taga kuma?"

Ana haka sai ga Goggo Falmata ta dogaro sanda. Ta gaida Bature, ta ce, "Taso in kai ka. Wannan gidan mai faci ne."

Na'Allah ya biyo su a baya, mu kuma muna bayansa. Sebastian ya tsaya gaban Jamus ya daɗe. Ya shafa layin fenti, ya dubi yatsansa.

"Don me?"

Na'Allah ya ce, "Irin naku na so, Oga. Na siminti."

"Namu? Gidanmu ba siminti. Baƙi ɗin nan itace ne. Tsakani laka, ciyawa, kashin shanu, a shafa farar ƙasa. Shekara ɗari uku. A garinmu in ka fasa shi, hukuma ya kama ka." Ya juya wurin matarsa ya yi mata bayani da yarensu, ta dafe ƙirji.

Ɗanmusa ya ce, "To, ashe Jamus ɗin ka rushe, ka gina Makurɗi."

Ba wanda bai dara ba sai mutum uku: Na'Allah, Goggo da Sebastian. Na'Allah ya cire hula yana murzawa, idonsa a kan silifas ɗinsa.

Goggo ta ce da saura. Ta zagaya da baƙi ta bayan gidan, ta nuna musu ɗakin awaki. Ƙyauren zauren Mala ne a bakinsa, katako mai kusoshin maƙera, ƙasansa duk fitsari ya ci. Sebastian ya durƙusa cikin kashin awaki da farin wandonsa ya ɗauki hoto. Ya ce Na'Allah ya zo ya tsaya kusa. Na'Allah ya ce cikinsa na ciwo.

Motar baƙi na tashi, ya ɓalle ƙyauren shi kaɗai, ya ɗora a ka, ya shige ɗakinsa da shi, bai fito ba sai da aka kira magariba. Awakin kuwa suka bazu cikin unguwa, suka cinye garin rogon da maƙwabciyarsa Lami ta shanya, kuma ba wanda ya iya zuwa ya yi masa magana.