Kwalekwalen da Muka Ɗauka a Kafaɗa

Ni mutumin Aliero ne, garin albasa, inda ruwanmu bai wuce na rijiya ba. Amma shekarun da Nasara suka shigo, wani falke ya faɗa mini a kasuwar Jega cewa gulbin nan na Jega yana faɗawa Kwara, Kwara kuma tana ƙarewa a wani ruwan gishiri marar gaɓa. Shi ke nan, zama ya gagare ni. Ina ban ruwa, hankalina yana can.

Na sari madaci, na jawo gungumen bayan ɗakinmu, na dinga fafe shi da gizago don in yi jirgi. Maƙwabta suka ce kwamin jakai nake yi. Su suka sani!

Abu ɗaya ya tsare ni: inna, mahaifiyata. Ba zan tafi ba ta sa mini albarka ba, ita kuwa ko kallon itacen ba ta yi. Ga kaka ta shigo, ruwan gulbi yana ja baya, in ya janye sai baɗi. Kullum na durƙusa gabanta sai ta ce, "Tashi ka ba ni wuri." Wallahi har haushinta na ji.

Na ce bari dai in kai jirgin bakin ruwa. Na kira gayya, muka lulluɓe shi da tabarma kada rana ta tsaga shi. To, manoman albasa ina suka taɓa ɗaukar jirgi? Dogon abu ɗaya suka iya ɗauka a kafaɗa. Suka cicciɓe shi kamar makara, ana karɓeɓeniya, har surutu ya mutu. Muna fitowa, masu wucewa suka tsaya suna salati, wani tsoho ya sa kafaɗa don neman lada.

Inna tana ƙofar gida, ta gani. Na matso in ce mata kuskure ne, sai ta dafa kaina.

"Ɗana, na yafe maka duniya da lahira. Tahi."

Na samu abin da nake nema, amma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Na tuƙa ni kaɗai, na wuce Yawuri, na sha wuya, har na ɗanɗana ruwan gishirin da bakina. Da na dawo, ƙanena ya ce mini tun ranar gayyar inna take karɓar gaisuwar mutuwata, har ta rasu ba ta ƙara tambayar labarina ba.