Kwalekwalen Ƙanena a Bangon Zaure

Ni ne mai zane a gidanmu, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Tun ina yaro a ƙauyenmu na gefen Sandamu nake bin bangon mutane da gawayi ina shan duka, har na girma na kafa rumfa a bakin tashar Daura ina yi wa manyan motoci ado. Zaki, dawisu, ɗan dambe ya ɗaga hannu, babu wanda ban ɗora a bayan mota ba. Da aka ƙaddamar da Shari'a direbobi suka fara jin nauyin hoton mai rai, sai na koma furanni da masallatai da rubutun Larabci, a nan ma ban bar wa kowa ba. Amma Baba bai taɓa tsayawa ya kalli aikina ba. Manomi ne, kuma shi ne ladanin unguwarmu, zane a wurinsa wasan yara ne da na ƙi bari. Idan aka tambaye shi sana'ata sai ya ce, "Yana can Daura yana shafe-shafe."

Ƙanena kuwa ko da'ira bai iya ba, a firamare ni nake zana masa taswira. Shi ne ya tashi ya shiga sojan ruwa, yaron da iyakar ruwan da ya sani shi ne kududdufin bayan gari. Da yaƙi ya yi zafi a tafkin Chadi aka tura shi can, a wani ƙaramin jirgin sintiri mai bindiga a goshi.

Wata shekara bayan girbi ya zo hutu da hoto a jakarsa. Gefen jirgin nasu aka ɗauka. A jikin ƙarfen an jera wasu ƙananan abubuwa da farin fenti, kamar ɓawon gyaɗa, wasu an ja musu jan layi a tsakiya. Muna zaune a zaure Baba ya kai hoton kusa da idonsa ya ce, "Waɗannan fa?"

"Kwalekwale ne, Baba," in ji ƙanena. "Duk wanda muka tare da makamai ko man fetur za a kai wa mayaƙan da ke daji, sai a zana shi. Mai jan layi kuwa wanda ya ƙi tsayawa ne, ya nutse."

"Duk kai ka yi?"

"A'a, ba na mutum ɗaya ba ne, na jirgi ne. Ko an canza mu zanen yana nan, waɗanda suka zo su ɗora. Sabon yaro in ya hau yana jin tsoro, ya ga layin nan, ya san jirgin ya sha fita ya dawo."

Ni ba jarumtar ce ta dame ni ba, zanen ne. Na karɓi hoton na duba da idon sana'a. Wani kwalekwalen ya karkace, wani ya fi ɗan'uwansa tsawo, fenti ya zirara a ƙasan wani. Na ce, "Wane mara tsoron Allah ne ya yi wa jirgin gwamnati wannan aika-aika?"

Ya sosa ƙeya. "Ni ne, Yaya. Da na ce wana mai zane ne sai oga ya miƙo mini buroshi."

Na yi dariya har da buga cinya, amma ni kaɗai na yi. Baba ya sake karɓar hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ma sha Allah. Ashe yaron nan ya iya zane." Wallahi saboda maganar nan ranar ko tuwon dare ban ci ba. Kishi na ji, irin wanda babba ke jin kunyar a gani a fuskarsa. Da sunana ya samu buroshin, shi kuma aka sa wa albarka.

Bayan ya koma, wayarsa ta daina shiga. Aka ce an yanke layi a yankin. Wata ya bi wata babu labari. Hoton yana aljihun Baba, duk wanda ya zo gaisuwa sai an nuna masa, har gumi da hannun mutane suka cinye shi, fararen kwalekwalen suka fara dushewa.

Wata ranar kasuwa ina durƙushe a bayan wata mota na ji sallama. Baba ne, a rumfata, inda bai taɓa takowa ba. Bai kalli masallacin da nake zanawa ba. Ya ce, "Ka zo gida ka zana mini jiragen nan a bangon zaure kafin su ɓace. Ai ba masu rai ba ne."

Na rufe rumfa tun rana ba ta yi ba. Na ɗebi fentin da nake ɓoye wa manyan kwastomomi, na wuni a bangon nan. Na fitar da goshin kowane kwalekwale, na sa masa inuwa, na shimfiɗa ruwa shuɗi a ƙasa har da kumfa. Maƙwabta suka cika ƙofar gida suna salati. Na wanke hannu na tsaya gefe ina jiran Baba ya dawo daga la'asar, kamar ɗan makaranta mai jiran sakamako.

Ya shigo, ya tsaya, ya fito da hoton ya kalla, ya kalli bango.

"Sun yi kyau," ya ce. "Amma ba nasa ba ne. Nasa na biyun nan a karkace yake. Goge, ka yi mini irin nasa."

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ya mayar da idonsa kan hoton, ba ma ni yake kallo ba. Na ɗauko kananzir da tsumma na goge aikin wunina gaba ɗaya. Washegari na sake farawa, hannuna ya ƙi karkacewa, duk wanda na ja sai ya fito daidai. Da hagu na ƙarasa su, na bar fenti ya zirara inda nasa ya zirara. Baba ya matso ya ce, "Yauwa. Haka yaron yake yin su."

Ƙanena ya dawo lafiya daga baya, ya ga bangon ya yi ta dariya, ya ce ashe ni ma na iya ɓata fenti. Ni ban yi dariyar ba, har yau kuma in na wuce ta zauren nan sai na ji abin ya dawo mini sabo. Domin duk tsawon watannin da babu labarinsa, kullum Baba zai fita kiran salla sai ya tsaya ya shafa karkataccen kwalekwalen nan da tafin hannunsa. Shi ne aikina ɗaya tilo da Baba ya taɓa shafawa, kuma ba hannuna yake shafawa ba, hannun ƙanena ne.