Mutumin da ke bayana a hoto

"Sani, wane ne wannan kwance a bayanka?"

Muryar yayata Binta ke nan a waya jiya da rana. Kwana na biyu ke nan ina tafiyar ƙafa ni kaɗai daga Tsanyawa zuwa Makoda. Na tsaya gefen wata gonar gyaɗa na ɗauki kaina hoto ina ta murmushi, na tura mata, na wuce abina.

Na ce, "Wa kuma, Yaya? Ai ni kaɗai ne."

Ta ce, "Buɗe idonka ka duba hoton nan!"

Ina faɗaɗa shi sai ga ƙafafun mutum tsakanin kunyoyi. Innalillahi! Da gudu na koma. Wani dattijo ne jiri ya kayar, fartanyarsa a gefe, numfashinsa sama-sama. Na yayyafa masa ruwan gorata, na tare mai babur muka kai shi asibiti. Ya farfaɗo, alhamdulillahi.

Wallahi taku biyar ne tsakaninmu, amma fuskata kawai nake kallo.

Jama'a, ku faɗa mini, da Yaya ba ta lura ba fa?