Wanda Ya Ci Irin Iya

Shekaranjiya na dawo daga dako a kasuwar Dawanau, bayana kamar an daka shi a turmi, na tarar da ɗana Nasiru a zaure shi da abokansa sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Ihu ne ke fita daga cikinta, irin na wanda ake yankawa. Na ce mene ne wannan kuma? Ya ce, "Baba, fim ne. Kashi na ƙarshe ke nan, yau za a gama da mugun." Na leƙa. Jini ne faca-faca, wani yana jan hanjinsa a ƙasa. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na mayar na rufe. Na shige ciki, aka kawo tuwo, na kasa ci. Ba ni da bakin da zan yi wa yaro faɗa a kan kashi na ƙarshe.

A wani ƙauye arewa da Ɗanbatta aka haife ni, inda gonar wannan ke dafe da katangar wancan, in ka yi tari a gidanku maƙwabci ya ce maka sannu. Ina da shekara goma sha biyu ko sha uku damina ta yi mana gardama sau biyu a jere. Rumbunmu ya zama fanko, ɓeraye ma suka gaji suka tashi. Dusa muke ci da tafasa, ran da aka samu rogo kuwa sallah ce.

Iya, mahaifiyar Baba, ita ke riƙe da mu da daddare. Bayan sallar isha'i sai ta haɗa wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta ɗora tukunya. Ruwa ne kawai a ciki da ɗan ganye, mun sani, ita ma ta san mun sani, amma ƙarar tafasar tana kwantar da ciki. Mu bakwai ne yaran gidan. Sai ta miƙe ƙafa, ta ce, "To ku matso, baƙuwa ta iso bakin ƙofa." Mu ce, "A buɗe mata." Baƙuwar ita ce tatsuniya. Ba ta yi mana gajerun tatsuniyoyi a shekarar ba. Guda ɗaya ta ɗauko ta dinga yanka mana ita gunduwa-gunduwa, kullum ta tsaya a inda ran mutum ya fi so. In muka yi ƙorafi sai ta ce, "Na ɗaure ta a turke, ba inda za ta. Ku je ku kwanta." Sai da na girma na gane dabarar. Yaron da ya kwanta yana tunanin gobe ba ya jin kukan cikinsa sosai.

Labarin wani gari ne da wani abu ke cinye mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya taɓa ganinsa. Da safe sai a ga takalmi wari ɗaya a ƙofar ɗaki, ko zani a yashe, mai shi babu. Suka ɗaga ganuwa, ya ci. Suka zuba ƙaya, ya ci. Suka kawo karnuka, karnukan ko haushi ba su yi ba. Iya ba ta zubar da jini a labarinta. Takalmin nan wari ɗaya ya isa ya hana yayata Hauwa fita fitsari.

Ni take kira Ango, irin wasan kaka da jika. "Ango, ka gyara min wutar nan, ko so kake amaryarka ta daskare?" Ni kuma in ce na sake ta tun jiya, ta cika tsufa. Ta yi dariya har haƙoranta guda biyu su fito.

A ƙarƙashin gadonta akwai wani ɗan tulu. Irin gero ne a ciki, wanda ta zo da asalinsa daga garin iyayenta, mai saurin nuna. Kowace kaka ita ke zaɓar zangarnu masu kyau, ta sussuke, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta liƙe bakin tulun da laka, ta danna tafin hannunta a kai. Bai fi kwano uku ba. Wannan ba na shukar farko ba ne, na ajiya ne, in shukar farko ta mutu. Duk yunwar da aka sha ba a taɓa shi ba. Baba, mutum mai zafin zuciya da zafin hannu, ya taɓa tara mu a tsakar gida ya rantse cewa duk wanda ya kai hannu tulun nan ya gama zama a gidansa, ko ɗan cikinsa ne. Kowa ya san Baba ba ya rantsuwa ya janye.

A ranin shekarar wani mutum daga birni ya fara zuwa ran kasuwar Ɗanbatta da talabijin da bidiyo da janareta. Ya kewaye wani fili da zana, bayan la'asar ya saka fim. Na Turawa ne, kashi huɗu, kowane mako ɗaya. Wani ƙato ne a ciki da ba ya mutuwa. Ya datse mutane, a taru a kashe shi, mako mai zuwa ya dawo. Ba mai jin abin da suke faɗa, ba ma buƙata. Da yake kuɗi sun yi wuya, mutumin yana karɓar hatsi a ƙofa.

Kashi na farko ta wata ɓula a zana na kalla, har aka watsa min ƙasa a ido. Abokaina suka yi ta min dariya a hanya, suna ce min mai leƙe. Na biyu da na uku, na jira Iya ta tafi tsinkar tafasa, na jiƙa lakar tulun da ruwa, na ɗebi kaɗan, na zuba yashi a ƙasa don kada nauyi ya ragu, na mayar da geron sama, na gyara lakar da yatsa yadda shatin hannunta bai ɓaci ba. Na ce kaɗan ne. Kowane ɓarawo haka yake cewa.

Da aka zo kashi na ƙarshe mutumin ya toshe ɓulolin da buhuna, ya ƙara farashi, ya ce kwano ɗaya mutum biyu. Garin duk maganar ake, yau za a ga yadda ƙaton zai mutu mutuwar gaske. Ni kuma ina so waɗanda suka ce min mai leƙe su shiga a bayana. Na kwashe kwano biyu. Wannan karon lakar ta farfashe gaba ɗaya, na kwaɓa sabuwa cikin sauri na liƙe, na danna hannuna a kai kamar yadda take yi.

Mai karɓa a ƙofa ya damƙi geron ya murza, ya dube ni. "Kai yaro, wannan ai iri ne. Ga toka." Ya yi dariya ya juye a buhu. "Ku shige."

Ba zan yi ƙarya in ce ban ji daɗi ba. Na ji. Aka sassare ƙaton nan gaɓa-gaɓa, jini har kan gilashin talabijin kamar zai zubo mana, muna ta ihu muna tsalle da cikinmu babu komai. Abokaina suka riƙo ni a hanya kamar ɗan sarki.

Da daddare Iya ta ce baƙuwa ta iso, yara suka ce a buɗe mata, ni kuwa na kasa riƙe bakina. Na ce, "Tsohuwa, dodon nan naki fa ba ya komai. Ko ɗigon jini babu. Ni yau na ga na gaske." Na shiga ba su labarin hanji da ƙoƙon kai, har da kwaikwayo. Ƙannena suka juya mata baya suka fuskance ni.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ango, zo kusa da amaryarka mana, tunda ka zama mai zuwa gari." Na matsa. Ta kama hannuna kamar wasa, ta juya shi a hasken wuta. Akwai laka a ƙarƙashin faratana, bakin aljihuna kuma fari fat da toka. Ta daɗe tana kallo. Ta saki hannun a hankali, ta tura kara a wuta.

"To," ta ce, "tunda yau ranar ƙarshe ce, ni ma bari in ƙare muku tawa."

Ta ce a garin nan akwai wata tsohuwa da ta gaji da binne takalma. Ran nan da kowa ya kwanta sai ta bi ƙofar kowane ɗaki ta barbaɗa toka. Da asuba ta fito ita kaɗai tana bin sawu. Sawun bai nufi ganuwa ba, bai nufi daji ba. Ya bi lungu, ya shiga gidanta, ya tsaya a bakin tabarmar jikanta. Ƙafa ce 'yar ƙarama. Yaron yana ta barcinsa.

Hauwa ta ce, "Wayyo! Sai ta tashi mutane?"

"A'a. Tsintsiya ta ɗauko ta share sawun tas. Sannan ta tuɓe takalmanta ta taka tokar da ƙafarta, tun daga ƙofar wanda aka ci har ɗakinta. Gari ya waye aka ga sawun tsohuwa. Aka kore ta."

"To shi yaron ya daina?"

"Wannan kuma ba ni zan faɗa ba. Shi ya sani." Ba ta dube ni ba. Ta sauke tukunyar ta ce, "Na kwance ta daga turke, ta tafi. Ku je ku kwanta."

Yara suka yi ta gunaguni wai ƙarshen bai yi daɗi ba. Washegari na faki ido na leƙa ƙarƙashin gadon. An shafa sabuwar laka a kan tawa, ga shatin yatsunta biyar a kai, dogaye, ɗaya a karkace.

Sati bakwai ta ba ni. Kullum in muka haɗa ido sai ta ɗan dakata, ni kuma in sunkuyar da kai in wuce. Ba ta sake cewa baƙuwa ta iso ba, ta ce ƙirjinta ke ciwo.

Baba ya yi binne, wato shuka tun kafin ruwa ya sauka, aka yi yayyafi ɗaya, gero ya tsiro, rana ta ƙone shi. Da ruwan gaske ya sauka ya ce a fito da tulun. A tsakar gida ya fasa lakar, gaban kowa, ya juye a faifai. Gero ya zubo kamar tafi uku, sai yashi ya biyo baya, shuuu, har ya cika faifan ya zube ƙasa. Na dubi Iya. Ita ma ba ta san abin ya kai haka ba, na gani a fuskarta.

Baba ya miƙe, idonsa jajir. Ya ce, "Wane ne?" Ya fara bin mu da kallo ɗaya-ɗaya. Saura mutum biyu ya iso kaina.

Iya ta ce, "Malam, bar yaran nan. Ni na ci."

Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ya juyo ya ce, "Iya?"

"Yunwa ce. Da daddare nake tauna shi. Na zuba yashi don kada ka gane."

Baba ya tsaya kamar an dasa shi. Uwa ce, ba a korar ta, ba a ɗaga mata murya. Ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da hularsa. Ban taɓa ganin yana kuka ba sai ranar. Ni ina tsaye, baki ɗaya gare ni kamar kowa, ban buɗe shi ba.

Kwana shida Baba ya yi yana ƙwadago a gonar wani kafin a ba shi iri, wani gero mai nauyin nuna. Muka shuka a makare, ruwa ya ɗauke ya bar shi da ciki. Tafi ukun nan na Iya aka shuka a bayan gida, awakin maƙwabta suka cinye. Irin garin iyayenta daga nan ya ƙare, ban sake ganin mai kamarsa ba, ni da nake ɗaukar buhunan gero shekara ashirin.

Magana kuwa ba ta kwana a ƙauye irin namu. A bakin rijiya mata suka sa mata suna, tsohuwar da ta ci iri. Aka daina kiran ta zaɓar zangarniya a gidajen mutane, aikin da aka san ta da shi tun tana amarya. Yara suka yi mata waƙa. Ran nan tana dawowa da tafasa a ka, abokaina suka dasa waƙar a bayanta, ɗaya ya zungure ni ya ce ko tsoro nake ji. Na yi amshi. Sau ɗaya ne, amma na yi, kuma ta ji muryata, don ta ɗan rage tafiya kafin ta ci gaba. Da daddare ta miƙo min ragowar rogonta ta ce, "Ango, ci, ni haƙorana sun gaza." Na karɓa na ci.

Damina biyu ta ƙara ta rasu. Baba ya bi ta bayan shekaru, yana ganin uwarsa ta ci masa iri. Sau da yawa na zauna gabansa da niyyar faɗa, sai in tambaye shi lafiyar ƙafarsa in tashi.

Da ina ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce, cewa ta gane ni. Yanzu da na haura hamsin na ga ba haka ba ne kawai. Faɗa min ta yi abin da za ta yi, tun kafin ta yi shi, ta bar min ƙarshen a hannuna. Ƙaton talabijin an sassare shi an huta. Nata dodon ƙaramin yaro ne da aka share wa sawu, ya girma, ya yi aure, ya yi furfura, yana zaune a zaure ana ce masa Baba.

Da sallar da ta wuce na je gaida Hauwa. Na tarar tana yi wa jikokinta faɗa a kan zubar da abinci, tana cewa, "Ku ba ku san yunwa ba. Mu a gidanmu yunwa ta sa kakarmu ta ci iri." Ta juyo ta ce, "Ko ba haka ba, Sule?" Na ce mata shekarun sun yi wuya.

Hauwa ba ta karatun boko. Ran Juma'a zan sa Nasiru a mota ya kai mata wannan takarda, ya karanta mata a tsakar gida, jikokin suna zaune, da duk wanda ya ga dama ya shigo. Na gaya masa in ya zo nan ya ɗaga murya.

Yaya Hauwa, ba Iya ce ta ci irin nan ba. Ni ne. Kuma ba yunwa ce ta sa ni ba, kallo na saya da shi.