Dalhatu da Shingen Hanyar Ɗa'ifa

Jami'in ya daɗe riƙe da iƙamar Dalhatu. Ya duba gabanta, ya juya bayanta, ya leƙa takardar motar, sannan ya sunkuyo ta taga. Kamil na zaune a kujerar gaba kusa da Dalhatu, yana kallonsa. Hantsi ne, a wani shingen bincike kan hanyar Ɗa'ifa, suna komowa Riyadh daga bakin teku. A kujerar baya Jamilatu ce, yayar Kamil, da 'ya'yanta biyu, Usaid da Hajar, har lokacin da sauran yashi a gashinsu.

Dalhatu mutumin Yawuri ne, ɗan Sarkawa, wanda ya iya tuƙa kwalekwale tun kafin ya haddace Fatiha. Da sana'ar su ta daina ciyar da gida sai ya koyi mota, mota kuma ta kawo shi Riyadh, garin da yakan ce ruwa ma a tanka yake zuwa kamar baƙo. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, sunan wani Balarabe ke kanta a matsayin kafili, wato ubangidansa a takarda, mutumin da sau biyu tak suka taɓa haɗuwa. Aikinsa kuwa a gidan Injiniya Uwais, mijin Jamilatu, yake. Shi ke kai ta asibitin da take aikin jinya, shi ke kai yara makaranta, shi ke zuwa filin jirgi tarbar baƙi. Ranar Juma'a ya gangara unguwar Batha ya sha shayi da 'yan gida, ya tsaya gaban masu kifi yana kushe musu kaya.

Mutane da yawa haka suke zaune, har ƙarshen 2013 da aka fara kame. Wanda aka samu yana yi wa wani aiki ba kafilinsa ba, sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, daga nan sai jirgi. Tun lokacin Dalhatu ya bar zuwa Batha. Ya san shataletalen da ake tsayawa, ya san lungun da zai bi ya kauce.

Ana cikin haka Kamil ya zo ziyara, ya gama digirinsa na Larabci yana jiran bautar ƙasa. Shi ya nuna wa yaran hoton hut a waya, ƙaton kifin nan irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa. Shi kuma ya yi musu alkawarin hutun Maris za su je Bahar Maliya, kudu da Jidda, inda ya karanta cewa akan dace a gan shi. Uwais bai samu hutu ba. Mata ba sa tuƙi a lokacin, shi kuma Kamil bai taɓa hawa babbar hanya ba. Saura Dalhatu.

"Ustaz," in ji Dalhatu, haka yake tsokanarsa, "kifin da ya san raminsa ba ya fita tsakiyar kogi ranar su."

"Haba Kawu! Ɗan Sarkawa guda da tsoron hanya? Shekara nawa rabonka da ganin ruwan da ya fi na bokiti?"

Kamil ya ga maganar ta taɓa shi, sai ya ƙara da turo Hajar. Ta rataye a wuyansa tana "Ammu, Ammu, hut!" da Larabcinta da ya fi Hausarta. Kwana biyu ya amince, amma da sharaɗi.

"In an tsayar da mu, bakinka alekum. Ni zan yi magana. Ni kawunku ne na rako ku. Kalmar direba kada ta fito daga bakin kowa. Ka ji ni, Ustaz?"

"Na ji, Kawu."

Suka isa lafiya. Dalhatu ya naɗe wando ya shiga ruwan har gwiwa, ya ɗebo ya kurɓa, ya tofar.

"Wannan ai miya ce wata amarya ta cika wa gishiri."

Kwana biyu suna fita da mai jirgin ruwa ba su ga komai ba sai kifaye masu tsalle. Hajar ta yi amai, Jamilatu ta ce ita ta gaji da wannan wauta. A rana ta uku mai jirgin, da ya lura da yadda Dalhatu ke tsayuwa ba ya dafa komai, ya bar masa sitiyari. Dalhatu ya bi wasu tsuntsaye da ke shawagi wuri guda. Can sai ga wani baƙin gadon baya ya taso, tsawonsa ya yi motar haya, ya fesa ruwa sama da wani irin huci, ya nutse. Hajar ta fashe da kuka. Usaid ya tambaya ko har yanzu Annabi Yunusa na ciki.

"Ya sauka tun tuni," in ji Dalhatu. "Mu ne muka makara." Yana dariya, idonsa na zubar da hawaye, ya ce iska ce.

Washegari ne suka iso shingen. Jami'in ya tambayi Dalhatu mece ce alaƙarsa da mai motar. Dalhatu ya fara amsawa da Larabcinsa na titi, a hankali, yana nuna yaran. Jami'in ya yamutsa fuska ya ce ya sake faɗa. Kamil ya ga kamar wannan gurgun Larabcin ne zai ja musu. Ya miƙa wuya ya zuba Larabcin littafi, tas, babu tuntuɓe. Ya ce wannan mutum amintacce ne, direbansu ne, shekara bakwai yana aiki a gidansu bai taɓa yin haɗari ba.

Sai da ya kai aya ya ji abin da ya faɗa.

Jami'in ya sake duban sunan da ke kan iƙamar, ya ce Dalhatu ya fito. Dalhatu ya kashe mota, ya zare makulli ya sa a tafin Kamil.

"Tayar baya ta hagu tana rage iska, kada ka wuce tamanin. In kun zo kwane-kwanen dutse ka buɗe wa Hajar taga." Ya leƙa baya. "Hajiya, ku sauka lafiya."

Bai ko harari Kamil ba. Kamil ya so a ce ya zage shi.

Yau kwana tara Dalhatu yana gidan tarhil. Kamil bai san yadda ya kawo motar Ɗa'ifa ba, inda wani abokin Uwais ya karɓe su. Jamilatu ba ta ce masa komai ba sai "ƙaddara ce", amma ta daina aikensa. An kira Uwais ya amsa tambayoyi, ya dawo bai ci abinci ba. Sabuwa, matar Dalhatu, ta kira daga Yawuri sau uku, don ba ta saba Juma'a ta wuce ba ta ji muryarsa ba. Sau biyu Kamil yana kallon wayar gidan har ta katse. A na uku Jamilatu ta ɗauka ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

An ce musu in kafilin ya zo da kansa ya ce da saninsa Dalhatu ya yi tafiyar, wataƙila a sake shi. In bai zo ba, jirgi ne, kuma ba dawowa. Lambar kafilin ba ta shiga. Kullum Kamil yana Batha, shago shago, yana tambayar mutanen da Dalhatu ke shan shayi da su. Jiya wani tela mai suna Buraima ya ce ya san ɗan'uwan Balaraben a yankin Ƙasim, zai neme shi. Ya karɓi lambar Kamil ya ce zai kira. Bai kira ba tukuna.