Malam Wakili da Dabbar Mai Fiffike a Yatsa

Shekara talatin da ɗaya Malam Wakili yana tasowa daga Kwadon da sassafe a kan tsohon babur ɗinsa, ya zo wata firamare a Tudun Wada ya koyar da Turanci. Watan nan zai yi ritaya. Har yau ban gane kan koyarwarsa ba, alhali na fi kowa cin moriyarta.

Shekarun baya, 'yata Ummukulthum tana aji biyar ba ta iya karanta layi ɗaya. Da ta ga doguwar kalma sai kuka. Na riga na yanke shawara, ƙarshen zango zan cire ta, ta zauna a shagon ɗinkina.

Ran nan na dawo na tarar ta ɗaura bakin mayafin uwarta a yatsa, ɗaya bakin a ƙugu, tana zagaya tsakar gida. Wai aikin gida ne! Washegari na dira makarantar a fusace.

"Malam, karatu na kawo ta ko wasan bori?"

Ya ce, "Zauna, maigida. Ummu, rubuta masa."

Ta rubuta pterodactyl a allo. Ta ja layi ta raba kalmar biyu.

"Baba, asalinta daga harshen Girka ne. Wannan rabin fiffike, wannan yatsa. Wata dabba ce mai kama da ƙadangare, ta ƙare tuntuni. Doguwar yatsa ɗaya ce ke riƙe da fiffikenta."

Na ce, "Tsuntsu ce?" Ta ce a'a. "Jemage?" A'a. "To wa ya gan ta?" Wai ƙashinta kawai aka tono. Ikon Allah! Kaina ya ƙara ɗaurewa. Dabbar da babu ita, me za ta tsinana wa yarinya a Gombe?

Malam ya ce, "Kalma kamar baƙo ce. In yaro ya san gidansu, ya daina gudunta."

Na fito ban fahimci rabin zancen ba, amma na bar ta a aji. Bana take gama makarantar koyon aikin jinya.

Kai ne, Malam, mai bin asalin kowace kalma kamar wanda aka aika binciken aure. Baban marasa baki a aji! Malamai masu tasowa, ku je ku ga yadda yake yi tun bai tafi ba, wataƙila ku ku gane.

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Saura ƙiris in cire yarinyar nan da hannuna, kuma da na yi, da har in mutu ina cewa ita ce ba ta da kai.