Dutsen Uban Dattijo

Mu biyar ne direbobi a ɗaki ɗaya a unguwar Nasim, nan Riyad. Babbanmu wani dattijo ne da ba shi da zance sai na ubansa. Yana cikin cikin mahaifiyarsa uban ya tafi yaƙin basasa, bai dawo ba. Abin da ya gada kaɗai maganar mahaifiyarsa ce, wai an kafa dutse a bakin wani kogi a kudu inda aka gama da bataliyarsu, kuma sunan uban na jiki. Bai taɓa zuwa ba, amma ko shayi ake sha sai dutsen nan ya shigo hira.

Ranar da ya tambaye ni a gaban mutane ina nawa uban ya ɓuya lokacin da maza ke mutuwa, na ƙullace shi. Na sa ƙanena mai fataucin shanu a kudu ya nemo wurin, ya turo mini hotuna.

Na jira Juma'a, an sakko daga masallaci, mun kewaye farantin shinkafar kabsa. Na miƙa masa waya.

"Baba, ga dutsenku. Nuna mana shi."

Ya goge hannu, ya sa tabarau. Ya bi layi-layi da yatsa har ƙasa, ya sake komawa sama. Shinkafa ta huce. Na ce ko dai tsohon ya cika wa wandonsa iska ne tun kafin a fara harbi. Aka kwashe da dariya, tawa ta fi ta kowa.

Akwai abin da na ɓoye. Sojojin wancan zamani da yawa ba da sunan uba aka rubuta su ba, da sunan garin da aka ɗauke su ne. Kawuna ma haka aka yi masa. Dattijo ya taɓa faɗa mana garin da ubansa ke dako sa'ad da ya shiga soja, kuma na ga sunan uban haɗe da garin a jikin dutsen. Shi kuwa sunan kakansa yake nema a ƙarshen layi.

Ya mayar mini da wayar da hannu biyu, ya ce, "Ashe Inna lallashina ta yi."

Bai ƙara zancen ba. Da kafil, wato ubangidan da ya kawo shi aiki, ya ƙi sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ni na kai shi filin jirgi zai koma gida. A ƙofa ya riƙe hannuna, ya ce in yafe masa abin da ya faɗa kan ubana. Kunya ta kama ni, amma girman kai ya fi ta. Na ce na yafe. Wayar na aljihuna, ban ciro ta ba.